Hoton da Ya Bushe a Kan Motar Wasiƙu

Takardar ta iso Illela tun farkon damina, shekara uku bayan samun mulkin kai. Daga wata makarantar koyon aikin gona take, a Zariya. Abu biyu suke so: hotona, da wasiƙa da hannuna mai faɗin dalilin da ya sa nake son shiga. In wata ya ƙare ba su gani ba, sai baɗi.

Na gama sakandare a Sakkwato, na dawo gida na zauna. Takardar na tura ta ƙarƙashin tabarma. Kullum in ɗaga, in duba, in mayar.

Mai hoto ɗaya ne, Maharazu, kuma daga Ƙonni yake ƙetarowa ran Lahadi, ranar kasuwa. Motar wasiƙu ma ran Lahadi take tashi, bayan la'asar. Lahadi uku na bari suka wuce. Ba lalaci ba ne kaɗai. Muddin ban aika ba, ba wanda ya ce mini a'a.

Ran Lahadin ƙarshe Gwaggo Atika, ƙanwar mahaifina da ta raine ni, ta shigo da tsintsiya ta yaye tabarmar.

"Ma'arufu, wagga takarda ƙwai ta, da kaka kwanci bisanta?"

"Zan tahi, Gwaggo. In an jima."

"In an jima mi? Fita ka dubi gabas."

Na fita. Hadari ya haɗo.

A kasuwa na tarar da Maharazu yana naɗe ƙyallen da yake ratayawa bayan mutane. Akwatin hotonsa mai ƙafa uku na tsaye gefen rumfar masu albasa.

"Ɗan boko, yanzu kaz zo? Sati uku kana wuce ni da gaisuwa kamar surukinka. Wanga akwati rana shika ci. Babu rana, babu hoto."

"Don Allah, Malam Maharazu."

"Ni kaka roƙo? Roƙi mai ranar."

Ya dubi sama, ya yi tsaki, ya mayar da ƙyallen. Ya ce zai jira zuwa kiran la'asar, daga nan sai Ƙonni kafin ruwa ya tare hanya. Ya zaunar da ni kan benci.

"Kak ka tashi. In ta leƙo ba ta jiran kowa."

Ga ni zaune, ba damar motsi, wasiƙa kuma ban rubuta ba. Na zaro farar takarda na ɗora kan gwiwa. Sati uku ina neman manyan kalmomin Turanci. Abin da ya zo mini shi ne tsutsar da ta cinye geron Gwaggo a gonarta ta ƙauyen Tozai bara, muna kallo ba mu san maganinta ba. Na rubuta haka. Layi takwas. Na sa hannu.

Sai rana ta leƙo.

"Ɗaga kai! Kak ka ƙyafta!"

Ya cire murfin idon akwatin, ya ƙirga uku, ya rufe. Ya zura hannu cikin akwatin, can ya fito da wata takarda. Fuskata fara fat, farar hulata baƙa.

"Wanga ba ni ba ne."

"Kai na, juye. Sai an sake ɗaukar wanga kana ka hito mutum. Sau biyu hoto shika son rana."

Ban san haka ba. Ranar kuwa ta koma. Aka kira la'asar. Muka yi salla a gefen rumfa, na ji direban motar wasiƙu ya ta da inji. Maharazu bai naɗe kayansa ba. Haske ya dawo, mai rauni. Wannan karon goma ya ƙirga.

Hoton ya fito, ni ne, amma jiƙe sharkaf. In aka sa shi haka a ambulan zai manne da wasiƙar. Maharazu ya ruga ya shimfiɗa shi kan murfin injin motar mai zafi.

"Maharazu, motar gwamnati ta koma tandar waina?" in ji direban.

"Yi haƙuri, kaɗan ya rage ta nuna."

Hoton ya bushe, ya ɗan nannaɗe. Na liƙe ambulan, na manna kan sarki, direban ya jefa a jaka. Motar ba ta ɓace ba ruwa ya kece. Ban nemi mafaka ba. Na taka gida cikin ruwan.

A gida Gwaggo ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗaga tabarmar, ta ga wayam, ta mayar.

"Tuwo na nan."

"Bari in fara," na ce. Akwai jarrabawar shiga in sun kira ni. Na ciro littafin lissafi daga akwati, na buɗe shafin farko, rigata na ɗiga.