Tsohuwa a Ɗakin Masu Hutu

"Ba zan ɗaga ta ba, Malam Zubair," in ji Jamila, ta tare bakin ƙofa da jikinta. "Kai ma saurari numfashinta."

Malam Zubair bai so ya saurara ba. Shi ne mai kula da wurin, wasu ɗakunan hutu masu rufin ciyawa da wani Alhaji na Funtua ya jera a bakin tafki, a gindin dutse, don masu hali da ke son zuwa shan iska. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen su Jamila da ke bayan dutsen, Alhajin ya ce a buɗe musu su fake zuwa wani lokaci. Yanzu damina ta wuce, tafki ya cika ya yi kyau, masu hutu sun fara bugo waya.

"Maman Firdausi, ki fahimce ni. Baƙi suna hanya, kuma wannan ɗakin suka kama, shi ke kallon ruwa. In ta cika a ciki, wa zai ƙara kwana a nan? Aikina zan rasa. Bari in kira mai keke-napep ya kai ta asibiti."

"A wannan gargadar? Wallahi ba za ta kai kwalta ba."

A cikin ɗakin, Tsohuwa tana kwance a tabarma, don tun zuwansu ta ƙi hawa gadon, ta ce katifar tana haɗiye mutum. Bamagujiya ce, ba ta salla. A ƙauye danga ɗaya ta raba gidanta da na Jamila, kuma ita ta yanke wa 'ya'yan Jamila cibiya. Ranar gudu ita ta goya Firdausi ta hau da ita dutse, da tsufanta, ruwa na dukansu. Tarin da ta kwaso ranar ne bai sake ta ba.

Tun da sassafe ɗanta Ɗanladi ya ari babur ya zagaya bayan dutsen, ya duba ko hanya ta buɗe, saboda ta ce a ɗakinta take so ta mutu. Da hantsi aka ji ƙarar bindiga daga can, ta yi shiru, ta sake tashi. Mata suka kwashe yara daga bakin ruwa. Isyaku, mijin Jamila, ya hau kan wani fa yana ɗaga waya sama, amma lambar Ɗanladi ba ta shiga.

Jamila ta koma ciki ta durƙusa, ta jiƙa bakin zane tana goga wa Tsohuwa a leɓe.

"Yaron ya dawo?"

"Yana hanya, Gwaggo."

"Na ji bindiga."

"Maharba ne."

Tsohuwa ta dube ta da ido ɗaya, irin kallon da take yi mata in ta rage gishiri a miya.

Bayan azahar wata baƙar mota ta shigo harabar, ta tsaya daidai ƙofar. Yara suka diro da ƙwallo, wani mutum mai farar shadda ya fito yana duban shanyar da ke kan igiya da murahun da aka kafa tsakanin ɗakuna.

"Manaja! Wurin hutu aka ce mana. Wannan kuma mene ne?"

"Alhaji Kabiru, a yi haƙuri, yanzu za a gyara."

Kafin ya gama, matar Alhaji Kabiru, Hajiya Sadiya, ta ɗago labule da jakarta a kafaɗa. Ta tsaya cak. Warin ciwo ya cika ɗakin. Jamila ta miƙe, ta shiga tsakaninta da tabarmar, tana shirin jin baƙar magana.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun jiya, Hajiya."

"Mahaifiyarki ce?"

"Maƙwabciyata ce."

Daga waje Alhajin ya ɗaga murya. "Sadiya, fito mu koma!"

Ba ta fita ba. Ta cire takalmi, ta ajiye jakar a kan gado, ta zauna wajen kan Tsohuwa. Ta sunkuya daidai kunnenta ta fara laƙƙana mata kalmar shahada a hankali.

Shekara da shekaru Jamila tana roƙon Allah a ɓoye ya juyo da zuciyar Tsohuwa zuwa Musulunci. Amma ta ga yatsun Tsohuwa sun damƙe gefen tabarma, ta ga ta kau da fuska bango.

"Hajiya," ta ce, "Bamagujiya ce. Ba ta so."

"Innalillahi! To ai yanzu ne take bukata. Za ki bari ta tafi haka?"

"Na yi mata tayi tana da lafiyarta. Ba zan matsa mata ba yau da ba ta iya ce mini a'a."

Suka zuba wa juna ido. Ƙirjin Tsohuwa yana kakari. Sai leɓenta ya motsa, Jamila ta kai kunne.

"Ki buɗe. Dutsen."

Tagar baya ce ke kallon dutse, kuma ta cije, tun zuwansu ta ƙi buɗuwa. Jamila ta tura, ta daka, ba ta motsa ba. Hajiya Sadiya ta tashi, bakinta na motsi da addu'arta, ta sa kafaɗa suka tura tare. Tagar ta buɗe da ƙara. Suka juya Tsohuwa. Ga dutsen nan baƙi ƙirin, shaho na shawagi a kansa.

Ta daɗe tana kallo. Numfashin ya riƙa nisa da juna, Jamila tana jiran na gaba, tana jira, har ta gane babu shi. Ta shafe mata ido.

Sai gab da la'asar Ɗanladi ya iso, yana tura babur ba iska a taya, ƙafarsa duk jini. Ya faɗa gonar dawa ya ɓuya ne da suka buɗe wuta. Ya ga mata a ƙofar ɗaki sun yi tagumi, ya saki babur ɗin ya faɗi.

"Sun ƙone gidan, Yaya Jamila. Ban san me zan gaya mata ba." Ya share fuska da hula. "Ta neme ni?"

"Ta neme ka. Na ce kana hanya."

Hanyar maƙabartar Maguzawa ba ta biyuwa, danginsu kuma sun watsu wajen Malumfashi. Maza suka yi cirko-cirko, ba wanda ya san inda za a sa ta. Malam Zubair ya kira Alhajin Funtua, wayar ba ta shiga ba. Sai ya nufi sito, ya fito da diga da shebur ya miƙa wa Isyaku.

"Can gindin dutse, bayan kuka. In an tambaya, ni na ce."

Alhaji Kabiru ya tattara yaransa cikin mota, amma bai tayar da ita ba, don matarsa tana ciki tana zuba wa Jamila ruwa, ita kuma tana wanke gawar yadda Ɗanladi ya kwatanta mata.

Da rana ta yi sanyi Jamila ta ɗauki tabarmar ta gangara bakin tafki. Ta tsoma ta, ta danne da ƙafa har ta nutse. Daga gindin dutse tana jin saran diga, ya yi ya tsaya, ya ci gaba. Wani masunci ya zo wucewa a kwalekwale, ya ji saran, sai ya ɗaga filafilinsa daga ruwa ya bar jirgin yana tafiya da kansa.