Farashin Mataji

A duk Zaure babu mai kaifin bakin Nedyalko Pashov. Zaure shi ne sunan da masu kwamfuta suka laƙaba wa mahaɗarsu: kowa na gidansa, a Ruse ko Pleven ko Varna, kwamfutarsa ta kira ta wani ta wayar tarho, saƙonni su yi ta yawo gari zuwa gari. In mutum ya rubuta shirme, kafin kofinsa na safe ya huce Nedyalko ya wanke shi tas. Su ma ba sa raga masa, musamman Lachezar na Pleven, wanda ba ya kiransa da komai sai tsohon jaki. Nedyalko kuwa in ya karanta zagin sai ya yi ta ƙyaƙyata dariya har matarsa Tsvetana ta leƙo daga kicin.

Abin da Lachezar bai sani ba shi ne, tun da ƙarfe ya faɗo wa Nedyalko a gadon baya a wurin aiki, bai sake taka ƙasa ba. Yana can saman bene a keken guragu, lif ɗin hawa benen kuma ya mutu tun bara. Maƙwabta in sun shigo sai su rage murya kamar gidan rasuwa, su shafa masa kafaɗa. Ya tsani wannan shafa kamar me! A Zaure kaɗai ake masa gardama, ake zaginsa a matsayin namiji ɗan'uwan maza, kuma wannan ne ya rage masa a duniya. A Zaure mutum ɗaya ne ya san halin da yake ciki, Kostadin Belev, shugaban Zaure na Ruse, shi ma sai da Nedyalko ya sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba.

Shi ne ya rubuta Mataji, wata 'yar manhaja mai gyara haruffa in sun hargitse tsakanin kwamfuta da kwamfuta. Kyauta ya sake ta, kuma babu wanda ba ya amfani da ita, har ofisoshi da shagunan buga takardu.

Sai hunturun nan ya zo da leva, kuɗin ƙasarsu, ta lalace. Albashin da Tsvetana ta karɓo da safe, kafin yamma ya zama takarda. Wata rana ta dawo daga layin burodi hannunta a daskare, ta tsaya a kansa ko kwat ba ta cire ba.

"Maigida, zaɓi ɗaya. Ko kuɗin ɗumin ɗaki, ko na tarhon nan. Ni na gaji."

Ya tura keken gaban kwamfuta. Ya juya ya ƙara layi guda a sabon Mataji: duk wanda yake cin abinci da wannan manhaja, ya biya mai ita. Ya saka adireshi, ya tura Zaure.

Kai, ranar Zaure ya kama da wuta! Dokarsu ta farko ita ce ba a ciniki a ciki, don kowa da aljihunsa yake ɗaukar saƙon wani. Lachezar ne ya fara. "Tsohon jaki, wayata ce ta kai tallarka birnin Sofiya, ni zan biya kuɗin kiran, kai ka karɓi riba? Nan ba kasuwa ba ce. Yau kai, gobe mai sayar da tayoyi."

Nedyalko ya mayar masa da zafi. "Mai shagon buga takardu yana cin nama da gumina, ni in ce a biya ni na zama ɗan kasuwa? Kyautar da kuke taƙama da ita, bayan wa take hawa?"

Haka suka yi ta yi, wasu na nan, wasu na can. Ga tsoro na cinsa, amma ga daɗi, don ya daɗe bai yi faɗa mai daɗin wannan ba.

To amma Zaure na da al'adarsa. Ba a yanke hukunci a rubuce. Ranar Alhamis ake haɗuwa a wata mashaya bakin kogi, wanda ake tuhuma ya miƙe tsaye ya kare kansa, masu son a hukunta shi su ɗaga hannu. Wanda ya ƙi zuwa ya raina jama'a ke nan, sai a yanke layinsa.

Ana gobe taro Kostadin ya hawo benen yana haki, ya zube a kujera.

"Mutumina, cire layin tallar nan a huta."

"Ba zan cire ba. Haƙƙina ne."

"To zo taron. Ni da ƙanena mu ɗauko ka."

"A ɗauko ni kamar buhun dankali, a dire a gaban Lachezar? Ka ji ka!"

"To bari in gaya masu gaskiya. Wallahi babu wanda zai ɗaga hannu."

Nedyalko ya damƙi hannun rigarsa. "Kostadin, in za su yanke ni, su yanke ni. Zan yi shekara a waje in dawo in ci gaba da zaginsu. Amma in ka buɗe baki, ka kashe ni."

Kostadin ya dubi ɗakin. Ya ga Tsvetana da kwat a cikin gida, ya ga tururin numfashinsu don sanyi. Ya miƙe ya tafi bai yi alkawari ba.

Da safiyar Juma'a Nedyalko ya kunna kwamfuta. Ta kira, aka ɗauka, saƙonni suka zubo. Ba a yanke shi ba. Ya buɗe sanarwar taro, ya karanta: dokar hana ciniki tana nan daram, amma saboda halin da ɗan'uwanmu Nedyalko yake ciki, an yarda layin tallarsa ya zauna, shi kaɗai. An kuma yi karo-karo. Nan take ya gane Kostadin ya faɗa.

Ran Asabar suka zo, su wajen takwas, suna hawa bene a hankali. Sun kawo dankali da cuku da kwalaben yajin tattasai, sun biya kuɗin tarho har bazara. Lachezar ma ya zo tun daga Pleven, ashe wani siririn mutum ne mai sanƙo. Ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa, idonsa ya ƙi sauka kan keken.

"Bai Nedyalko," ya ce, da irin girmamawar da ake yi wa dattawa, "ka yafe mini. Da na sani ba zan..."

"Dokar fa? Ka ce nan ba kasuwa ba ce."

"A bar maganar, don Allah."

"Ban yarda a bar ta ba! Ko ina da gaskiya, ko ba ni da ita. Faɗi!"

Sai suka shiga sauke kayan da suka kawo. Tsvetana tana kuka tana godiya, kuma ba laifinta ba ne, ta daɗe ba ta ga cuku ba.

Bayan mako guda ya gwada su. Ya zauna ya rubuta wani shirme da gangan game da saurin saƙo a waya, shirmen da ko ɗan koyo zai kama. Ya ƙara da cewa duk mutanen Pleven ƙwaƙwalwarsu ta daskare. Ya tura, ya jira. Washegari amsa ɗaya ce ta zo, daga Lachezar. "Ƙila kai ne da gaskiya, ka fi mu sani. Ka kula da kanka."

Ya daɗe yana kallon allon. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da likita ya gaya masa ƙafafun sun tafi.

Ya tura keken jikin tebur, ya miƙa hannu baya don ya zare wayar daga bango. Hannun bai kai ba. Ya sake miƙa hannun har keken ya karkata, yatsunsa suna shafar iska. Ya koma ya zauna yana haki.

"Tsvetana," ya kira. "Zo ki cire mini wannan."