Jan-baki a Gonar Gide

A shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasa, Mani ɗan Ruwan Godiya yana tuƙa ƙaramin jirgin feshi a Zariya. Wata damina tsuntsayen jan-baki suka sauka a kan gero tun daga Faskari har Sabuwa, sai yayansa Gide ya shiga mota ya same shi.

"Tsuntsaye sun gama da gonar Baba, tawa suke ci yanzu. Yaushe za ka taso?"

Mani ya sunkuyar da kai. "Yaya, an hana mu tashi. Wani jirgi ya tsinke wayar lantarki a kudu, shi ne aka kafa kwamiti a Ikko don ya rubuta sabuwar dokar shawagi ƙasa-ƙasa. Sai sun gama."

"Su 'yan kwamitin sun taɓa ganin jan-baki?"

Mani ya yi ta buga waya, ana ce masa za su zauna bayan Sallah.

Kafin izini ya iso, kaka ta wuce. Ya je gida da buhun masara, ya tarar Gide ya sayar da shanun nomansa ya tafi cirani. Baba ya amsa gaisuwarsa, amma bai tambaye shi aiki ba.