Fuskar Doña Chelo a Hannun Ɗanta

Efrain Salcido, mai rufin gidaje a San Antonio, ba ya tuna hanyar coci sai ya shiga uku. Ranar da za a yi wa mahaifiyarsa Doña Chelo aikin zuciya, ya durƙusa a barandar asibiti ya yi wa Budurwa Maryamu ta Guadalupe alkawari: in tsohuwa ta tashi, zai sa a zana hoton Budurwar a hannunsa, daga kafaɗa har wuyan hannu. Sai dai imanin Efrain bai kai bakinsa ƙarfi ba. Da ya ga likitoci suna ta girgiza kai, ya je shagon Yesenia mai yi wa mutane zanen jiki da allura, yana hawaye ya faɗa mata abin da za ta tsara.

Tsohuwa kuwa ta tashi, har da ƙarin faɗa. A wurinta zanen jiki aikin 'yan gidan yari ne, kuma Efrain, duk da furfurar gemunsa, ba ya iya barci in tana fushi da shi. Albarkarta yake nema kafin allura ta taɓa shi.

"Tunda da sunana ka ci bashin Uwarmu Maryamu, sai na ga abin da idona," in ji ta.

A shagon, Yesenia ta shimfiɗa doguwar takarda tana bayani. Mayafin Budurwa kore mai taurarin zinariya, furanni jajaye, sauran duka baƙi da toka-toka, don launin ya fito.

"Ɗaga ta sama," in ji Doña Chelo. "A gwiwar hannu za ki sa min Uwar Yesu, ya riƙa lanƙwasa ta duk sanda ya ɗaga kwalbar giya?"

"Za a ɗaga, Mama," in ji Yesenia.

"Ban da kusa da hammata. Na san warin ɗana."

Efrain ya fara samun natsuwa, don faɗan tsohuwa alamar yarda ce. Ya manta shaf da abin da ke ƙasan takardar. Can ga mahaifinsa marigayi Anselmo, toka-toka cikin gajimare. Kusa da shi ga wata mata, ita ma toka-toka, tattabara a saman kanta, an bar fili a ƙasa inda ake rubuta shekara. Ko yaron goye a unguwar ya san mamata ake zanawa haka.

Doña Chelo ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Efrain, yaushe na mutu ba a gaya min ba?"

"Mama, ai lokacin..."

"Ka roƙi Uwarmu ta tashe ni, ka zagayo ta baya ka binne ni. Ka kuma ajiye ni kusa da ubanka, mutumin da sai da ya tafi na san daɗin barci."

Yesenia ta duƙa wai tana neman fensir. Efrain ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya ce tsoro ne ya kama shi, ya ga in ta tafi ba shi da inda zai riƙa ganinta. Tausayinsa ya kama tsohuwa, amma ba ta saba sakin faɗa da wuri ba.

"Cire tattabarar," ta ce wa Yesenia. "Ki sa min launi, da jan baki, da 'yan kunnena na zuwa coci."

"Mama, launi ba ya jure rana," in ji Yesenia, "shi kuma kullum yana kan rufi. Toka-toka ne ake yi sau ɗaya a manta. Mai launi sai ya riƙa dawowa ana duba shi."

Doña Chelo ta kama hannun ɗanta, ta yi masa alamar gicciye tun daga kafaɗa.

"To ya riƙa dawowa," ta ce. "Mu masu rai haka muke."