Ciwon da Ba a Gadonsa

Hamsatu ce ta fara kawo maganar asirans, bayan rasuwar maƙwabcinsu Abdulaye direba. Mutumin ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo yana alwala, bai ƙara tashi ba. Kafin a yi sadakar arba'in mai gidan haya ya ce wa matar mamacin ta kwashe kayanta, aka ga ana ɗora katifu da tukwane a kan amalanke, yara na biye suna kuka. Duk unguwar Harobanda ta kalli abin.

"Ni dai ba na so a yi mana irin wannan kallo," in ji Hamsatu ga mijinta Tanimu. "Matar wani a wurin aikinku ta ce mini akwai asirans na rai. Kana zubawa kaɗan-kaɗan daga albashi, in ta Allah ta kasance sai a ba iyali abin da za su riƙe kansu."

Tanimu ya ce rai a hannun Allah yake. Ta ce ba ta musa ba, amma kuɗin haya a hannun mai gida yake. Da ta yi ta maimaitawa, sai ya yarda.

Tanimu ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, na gwamnati a Yamai. Asalinsa ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Tawa, shi kaɗai aka kai lakwal, makarantar boko, a gidansu, kuma tun da ya samu aiki zuwansa gida ya yi ta raguwa har ya koma sai saƙo. A shekarar da damina ta ƙi, ya aika da buhun hatsi sau biyu. Ya yi niyyar ƙarawa, amma hatsi ya yi tsada a birni ma, ga yara a makaranta, sai ya ce wa kansa ai taimakon gwamnati na isa can. Da labarin rasuwar mahaifinsu ya zo, an riga an yi kwanaki da jana'iza. Lokacin sojoji kan faɗo biro ba sanarwa su duba wanda ba ya kan kujerarsa, neman hutu kuma sai an sha wuya. Bai nema ba. Ya aika da gaisuwa da ɗan abin sadaka.

Bayan 'yan watanni yayansa Garba ya iso Yamai da matarsa da yaransa uku, a bayan kamyon, babbar motar ɗaukar kaya. Tanimu ya ba su ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Garba dogo ne, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa, kuma ba mai yawan magana ba ne. Bai taɓa tayar da zancen rasuwar ba, Tanimu ma bai tambaya ba.

A kamfanin asirans wata mata ce ta karɓi Tanimu, ana ce mata Madam Balki. Ta tambaye shi shekarunsa, irin aikinsa, ko yana shan taba, ko yana yawan tafiya a mota, da sunayen waɗanda yake so a ba kuɗin bayan ransa. Ya ce Hamsatu da 'ya'yansa.

"Ba nan take ake ba da takardar kontara ba, Mushe Tanimu," ta ce, da irin kiran girmamawa na Faransanci da ake yi wa ma'aikata. "Sai likitanmu ya duba ka tukuna. Abin da ya rubuta shi manyanmu za su kalla. Ko su karɓe ka a farashin kowa, ko su ƙara maka in sun ga akwai haɗari, ko su ce a'a. Ka zo ranar Laraba da safe, kada ka karya kumallo."

Ranar Larabar ya fita tare da Garba. A kwanakin ana kama waɗanda suka gudo daga ƙauyuka ba su da takarda, a zuba su a mota a fitar da su bayan gari, don haka Tanimu ya yanke shawarar in ya gama da likita su wuce wurin mai hoto, a fara nema wa Garba katin shaida. Da suka hau gada Garba ya leƙa ƙasa. Kogin ya janye, sai rairayi da 'yan tafkuna, mutane na tsallakawa da ƙafa.

"Har nan ma," ya ce. 

A asibitin Tanimu ya bar shi a kan benci a waje. Likitan dattijo ne mai furfura, ana kiransa Dokta Sani, Hausarsa ta mutanen Damagaram. Ya sa Tanimu ya tuɓe riga da takalmi ya hau sikeli. Allurar ta yi ta tafiya har ta wuce kilo casa'in. Likita ya ɗaura masa abin awon tansiyo, wato hawan jini, a hannu, ya matsa, ya saurara, ya sake matsawa. Ya auna faɗin cikinsa da igiyar awo irin ta tela. Aka ɗebi jini, aka ba shi kwalba ya kawo fitsari.

"Jikin ya yi yawa," in ji likita yana rubutu. "Tansiyo ma ya ɗan hau. Shinkafa da mai ne?"

Tanimu ya yi 'yar dariya, ya ce zaman biro ne.

"To, yanzu sai tambayar dangi. Akwai ciwon da ake gado, kamfani na son sani. Mahaifiya?"

"Ta daɗe da rasuwa. Wurin haihuwa."

"Mahaifi?"

"Ya rasu bara."

"Allah ya ji ƙansa. Shekararsa nawa?"

"Bai kai sittin ba, ina jin."

"Mene ne sanadi?"

Tanimu ya ce rashin lafiya ce. Likita ya ce wace iri. Tari ne? Ciwon suga? Zuciya? Ya faɗi ne farat ɗaya ko ya yi jinya? Tanimu ya tsaya yana tunani. Abin da ya sani kawai shi ne abin da ɗan saƙo ya faɗa masa, cewa ƙafafun tsoho sun kumbura kafin ya cika. Ya faɗi hakan.

Likita ya ajiye biron rubutunsa. "Kumburin ƙafa a mutumin da bai kai sittin ba, ga ɗansa da tansiyo. In na rubuta haka za su ɗauka zuciya ce ko ƙoda, kuma suna iya ƙin ka gaba ɗaya. Ba wanda ya yi jinyarsa da za mu tambaya?"

 Tanimu na iya cewa babu. Amma ya tuna Hamsatu da amalanken matar Abdulaye, sai ya ce yayansa na nan waje.

Garba ya shigo da sallama, ya cire takalminsa a bakin ƙofa ko da yake ba wanda ya ce ya cire. Likita ya nuna masa kujera, ya zauna a gefenta. Tanimu na kan gadon awo, ba riga, tumbinsa a kan cinyoyinsa.

"Malam Garba, kai ka yi jinyar mahaifinku?"

"Ni ne, likita."

"Yana da wani ciwo da ya daɗe yana fama da shi? Yana haki in ya yi aiki? Yana yawan fitsari?"

"A'a. Baba bai taɓa kwanciya ciwo ba. Daminar da ta wuce ma shi ya riƙa gaba a gona, mu muna baya, har shukar ta ƙone."

"To me ya same shi?"

Garba ya dubi ƙanensa, kamar mai neman izini. Tanimu ya sunkuyar da kai.

"Abinci ne babu," in ji Garba. "Da hatsi ya ƙare mun koma dussa da ganye. In an dama ɗan abin da aka samu aka kai mishi, sai ya ce ya riga ya ci a gidan liman. Ya kira jikoki ya ba su. Mun daɗe ba mu gane ba. Wata rana na gamu da liman na yi mishi godiya, ya ce wace godiya, shi ma gidansa ba a ɗora tukunya ba. To a lokacin ƙafafun sun fara hawa. In ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Daga baya zawo ya kama shi. Bai jima ba."

Ya faɗi wannan duka da murya ɗaya, yadda ake ba da labarin gona.

 Likita ya dubi Garba, ya dubi wuyan hannunsa da ƙasusuwan kafaɗarsa, sannan ya ɗauki biro. Bai dubi Tanimu ba, kuma Tanimu ya fi jin zafin wannan fiye da a ce ya zage shi.

"Na gane," in ji likita a hankali. "Wannan ba ciwon gado ba ne. Zan rubuta yadda yake. Ba zai hana su karɓar ka ba, Mushe Tanimu. Sa rigarka."

Tanimu ya ɗauki rigar, ya kasa daidaita maɓallan. Garba ya tashi ya tambayi likita ko amsar da ya bayar ta yi. Likita ya ce ta yi. Sannan ya buɗe durowa ya ba shi wasu ƙwayoyi na ƙarin jini, ya ce shi da matarsa su riƙa sha, kuma ya kawo yaran a duba su, ba sai ya biya ba.

Daga nan suka wuce wurin mai hoto. Mai hoton ya ara wa Garba wata kwat da yake ajiye wa masu zuwa, kafaɗunta suka zubo masa. Tanimu ya tsaya a ƙofa yana kallon titi har aka gama.

Da rana Hamsatu ta kawo masa shinkafa da miya, tunda bai karya ba. Ya kai loma biyu ya ture kwanon. Ta tambaye shi ko likita ya ga wani abu ne. Ya ce a'a, an dai ce ya rage mai. Ya fita tsakar gida ya tarar da Garba a gindin bango yana gyara igiyar guga.

"Yaya, me ya sa ba ku aiko mini ba?"

"Mun aiko, ka turo buhu. Muka sake aikowa, ka sake turowa."

"Na uku fa?"

"Baba ya hana. Ya ce kai ma kana da iyali, kuma birni komai saye ake. Ya ce kada a ɗaga maka hankali soja su kore ka daga aiki."

Tanimu ya so Garba ya ɗaga murya, ya ce masa wani abu mai ɗaci da zai iya amsawa ko ya haɗiye. Garba ya ci gaba da igiyarsa.

Bayan 'yan makonni Madam Balki ta aiko a kira shi. Ta ce manya sun karɓe shi, sai dai an yi masa ɗan ƙari saboda nauyi da tansiyo. In ya rage jiki ya dawo a sake awo, ana iya sauke ƙarin.

"Ta wajen dangi kuwa ba matsala," ta ce da fara'a tana juya takardun. "Likita ya ce gidanku masu ƙarfi ne. Sa hannu nan, da nan."

Ya sa hannu. Kafin ya tashi ya tambaye ta ko ana iya ƙara sunaye cikin masu karɓa. Ta ce ana iyawa, ya kawo sunayen da shekarunsu.

Da yamma ya samu Garba ya yi masa bayani, cewa yana so ya sa 'ya'yan Garban uku a cikin takardar, su ma su samu rabo. Garba ya saurara har ƙarshe, ya tambaya yaushe ake ba da kuɗin. Tanimu ya ce sai bayan ransa.

"Subhanallahi," in ji Garba. "A'a, Tanimu. Kada ka haɗa ɗiyana da wannan. Ban so wata rana su ji yunwa su tuna da kai ta wannan hanya. Allah ya ja kwananka. In dai kana son yi mini wani abu, iri nake so. An ce an fara ruwa wajenmu. Ba ni da ko tiya ɗaya da zan shuka, kuma jakina ya mutu."

Tanimu ya ce to. Ya sayar da rediyonsa babba da agogon hannunsa, ya karɓi wani abu daga albashin wata mai zuwa. Ya sayi irin hatsi da na wake, ya ba Garba abin da zai sayi jaki a kasuwar Tawa. Hamsatu ba ta yi ƙorafin rediyon ba. Ita ce ma ta ce a bar matar Garba da yaran a wurinsu har a ga yadda damina za ta kama.

Ranar tafiya Tanimu ya raka shi tasha. Aka ɗora buhunan a kan kamyon, Garba ya duba ɗaurin da kansa ya sake ja. Katin shaidarsa sabo yana cikin aljihu, a naɗe cikin tsumma. Direba ya fara kiran mutane su hau.

Garba ya kama hannun ƙanensa ya riƙe.

"Tun ranar nan nake so in ce maka wani abu. Wurin likita. Na ga ranka ya ɓaci da muka fito. Ni ban san irin maganar da ake yi a wuraren nan ba, abin da ya tambaya na faɗa. In na kunyata ka gaban mutanenka, ka yafe mini."

 Tanimu ya girgiza kai kawai. Garba ya ɗauka an yafe masa, ya yi murmushi, ya taka taya ya haye cikin mutane. Kamyon ya tashi.

Tanimu ya tsaya har motar ta fita daga tasha. Lokacin aiki ya riga ya yi, don haka ya goge fuskarsa da hannun riga, ya tari taksi zuwa biro.