Arvid Ya Koma Aji

"Inna Ingrid, don Allah ajiye wayar nan."

Tsohuwar ba ta ajiye ba. Ta juya wa Delia baya, ta gama gaya wa masu gidan shirya gawa lambar gida, ta ce su zo ƙarfe goma sha ɗaya, sannan ta kife wayar.

"Ke kuma wa ya kira ki?"

"Shi ya kira ni, tun bara." Delia ta nuna ƙofar firji, inda wata takarda ke manne da maganaɗisu mai siffar kifi.

A ɗakin ciki Arvid Sandell yana kwance, an ja masa bargo zuwa ƙirji. Da safen nan ya cika, bayan ya kurɓi gahawa ya ce ta yi ruwa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da falsafa a wata ƙaramar kwaleji a nan garin Duluth. Delia maƙwabciyarsa ce, shinge ɗaya ya raba su. Aikinta ɗibar jini a asibiti, shi ya sa yake kiranta Sauro. Shekara shida suna musu ta saman shingen nan. Ita ta ce mutum jini ne da ƙashi, duk abin da na'ura ba ta auna shi ba surutu ne.

"To, Sauro," ya kan ce, "na'urarki ta gaya miki abin da ke cikin jinin. Ita ce kuma ta ce ki riƙe hannun mai jinin idan ya tsorata?"

Takardar jikin firjin ta ce ya ba da gangar jikinsa ga makarantar koyon likitanci, ɗalibai su buɗe su koya. Amma makarantar ba ta ɗaukar gawa idan dangi sun ƙi, ba ta kuma karɓar wadda aka ɗura wa maganin hana ruɓewa. Idan mutanen ƙarfe goma sha ɗaya suka tafi da shi, magana ta ƙare. Dangin da ya rage masa kuwa yayarsa ce kaɗai, Ingrid.

"Ƙanena ba naman mahauta ba ne," in ji Ingrid. "Zan sa masa kwat ɗinsa, ya kwanta a coci, kowa ya ga fuskarsa, a binne shi kusa da mahaifiyarmu."

"Rabonsa da coci tun ba a haife ni ba!"

"Ai shi ya sa. Yau ba shi da bakin musu."

Madam Haugen ta gidan da ke kallonsu ta shigo da kwanon gasasshen dankali da nama, ta ji abin da ake ciki, ta taɓa kafaɗar Delia. "Ki bari, 'yar nan. Sha'anin dangi ne. Wanda ya mutu ina ruwansa?"

Kan Delia ya ɗau zafi. Wannan ce cutar layin nan. Kowa ya ci tumatirin lambun mutumin, kowa ya kai masa ɗansa ya gyara masa rubutu, amma ranar da yake bukatar baki ɗaya tak, sai a shigo da dankali a ce a bari.

"Da ruwansa! Da hannunsa ya sa hannu, ni ce shaida." Ta juya ga Ingrid. "Ɗalibai ne za su koya a kansa. Ana gamawa za su ƙona ragowar, su dawo miki da tokarsa bayan shekara biyu."

"Shekara biyu." Ingrid ta zauna a hankali. "Yarinya, shekarata tamanin da huɗu. Wa ya gaya miki zan kai?"

Duk hujjojin da Delia ta tanada babu wadda ta shiga wannan ramin. Ta ja kujera, ta riƙe hannun tsohuwar kamar yadda take yi a wajen aiki.

"Ban yi tunanin wannan ba, Inna. Ki yafe ni."

"Miƙo min takardar banzan nan in gani."

Da Delia ta cire maganaɗisun, sai wani ambulan ya faɗo daga bayan takardar. An rubuta a kansa: Ga ɗalibaina na ƙarshe.

"Karanta. Na bar tabarauna a mota."

Delia ta karanta. "Barkanku da zuwa. Sunana Arvid. Na ƙare rayuwata ina ce wa yara mutum ya san kansa, alhali ko hantata ban taɓa gani ba. Ku duba min. Idan kun kai ga ƙwaƙwalwa, ku nemi wurin da alheri yake zama. Wata maƙwabciyata mai taurin kai ta ce za a same shi. Idan kun samu ku gaya mata ta ci musun, idan ba ku samu ba kada ku daina yin sa. Sannan ku duba ƙashin kafaɗar hagu, akwai tsohuwar karaya. Na ce wa mahaifiyarmu zamewa na yi daga bishiyar tuffa. Ƙarya ce, yayata Ingrid ce ta turo ni. Na rufa mata asiri shekara saba'in da uku, ku ma ku rufa. Ita ce ta goya ni har gida, tana kuka fiye da ni."

Madam Haugen ta toshe baki. Sai dariya ta ƙwace wa Ingrid, hawaye na bin kumatu.

"Ɗan banza! Tuffata ya cinye, shi ya sa. Wannan bai rubuta ba, ko?"

"Bai rubuta ba, Inna."

"Haka yake tun yana yaro. Sai tasa ta zama ta ƙarshe." Ta share ido ta dubi agogo. Goma da kwata. "Ɗalibai nawa ne za su taru a kansa?"

"Huɗu ko shida, shekara guda cur."

"Da ransa ma bai taɓa samun shida masu sauraronsa ba." Ta tura wa Delia wayar. "Kira makarantar, Sauro. Masu shirya gawar kuma ni zan sallame su."

Motar makarantar ta iso da azahar, fara, babu rubutu a jikinta. Ingrid ta tsayar da mutum biyun da suka zo da ita a ƙofar ɗaki, ta ce malami ba ya shiga aji buzu-buzu. Ta jiƙa mataji, ta taje masa gashi, ta fitar masa da tsaga a gefen da ya saba. Ta cusa ambulan ɗin a aljihun rigarsa.

Mutanen layin sun fito sun tsaya a barandarsu cikin sanyi. Wani dattijo ya ɗaga murya daga tsallaken titi yana tambayar yaushe ne jana'iza.

"Babu rana tukuna," in ji Ingrid, ta miƙe wuya. "Ƙanena ya koma koyarwa."

Da motar ta sha kwana, Delia ta koma ciki don ta kashe wutar kicin. Ta tarar da kofinsa a kan tebur, gahawar ta huce. Ta ɗauki maganaɗisun nan mai siffar kifi ta mayar da shi jikin firji, babu komai a ƙarƙashinsa.