Gurbin Yatsu Uku

Da sassafe Serafin ya tura ƙofar shagon Afra, abin da shi da bakinsa ya sha hana baƙi. Duk wanda ya tashi a wannan kwari na Tirol ya san ba a gwada takalmin hawan dutse da safe. Ƙafar safe maƙaryaciya ce, ta kwana ta huta ta saɓe. Sai ta wuni tana ɗauke da mai ita, ta kumbura, sannan take faɗin girmanta na gaskiya.

Afra 'yar kawunsa ce, ita ta gaji shagon daga mahaifinta. Ko ɗaga kai ba ta yi ba daga tafin takalmin da take liƙawa.

"Wa nake ji kamar Serafin jagoran masu hawan dutse, hantsi ko dubawa bai yi ba? Ko sanyin da ya ci yatsun ya haɗa da ƙwaƙwalwar ne?"

"Ke dai har kika tsufa ba ki iya gaisuwa ba. Ba gwaji na zo ba. Irin na da nake so, lambar da kika sani, ki naɗe mini in wuce."

"Irin na da na ƙafar da ne. Je ka yi yawo, ɗan'uwa. In rana ta faɗa bayan coci ka dawo, kuma da safarka ta ulu, ba wannan ta zuwa biki ba."

Ya fito yana ƙunƙuni. Lokacin sanyin da ya wuce ne guguwar ƙanƙara ta tsare shi a kan tsauni, shi da wani baƙo da yake yi wa jagora. Sun sauko da ransu, amma ƙananan yatsu uku na ƙafarsa ta hagu sun yi baƙi, likitoci a birnin Innsbruck suka cire su. Ga shi ranar Lahadi mai zuwa fada, limamin coci, zai sa wa igiyoyin jagorori albarka a buɗe kakar hawa, kuma shugabansu ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in zai iya saukowa gangara da mutum ɗaure a igiyarsa, to madalla, in ba zai iya ba, akwai kujera a ofis kusa da waya. Hawa ai ko akuya ta iya. A wajen sauka ake neman jagora, yana baya riƙe da igiya, in na gaba ya zame ƙafar jagoran ce za ta tsayar da su duka biyun. Serafin kuwa ya gwammace komai da kujerar nan.

Sai dai akwai abin da bai gaya wa kowa ba, har matarsa. In yana zaune ba takalmi, ƙafar guntuwa ce, shi ke nan. Amma da ya zura ta cikin tsohon takalminsa, sai yatsun su dawo. Yana jin su sarai a cikin gurbin nan da babu komai, suna motsi, suna miƙa, ƙaramin har ƙaiƙayi yake masa. Saboda su yake son irin na da.

Ya kama hanyar makiyaya ya yi sama. Hazo na kwance a kan ciyawa, ƙararrawar shanu na zuwa daga wurin da ba a ganin saniya ko ɗaya. Yana tafe yatsun na tafe da shi, har ya ji yana yi musu magana a zuci, yana nuna musu inda rafi ya cinye gefen hanya bana. Da ya kai bencin da ke bakin daji sai ya miƙe a kai, ya rufe fuska da hula. Rana ta keto hazon ta ɗumama masa gwiwoyi. Tsakanin barci da farke ya ga kansa can sama a kan doron tsauni, dusar ƙanƙara sabuwa fil, ba wanda ya taka. Sai ga ɗigo uku a gabansa, ƙanana, a jere kamar sawun yatsu, sannan wasu uku, sannan wasu, suna ta hawa su kaɗai. Ya bi su ba ya jin nauyin jikinsa. Hankakan tsauni masu rawayen baki suna shawagi daidai kafaɗarsa, ɗaya ya juyo ya kalle shi da idon mahaifinsa. Ya yi kira a jira shi, ɗige-ɗigen suka ci gaba abinsu, shi kuma bai ji haushi ba. Daɗi ya ji, irin wanda rabonsa da shi tun kafin asibiti.

Harshen saniya a kan gwiwar hannunsa ne ya tashe shi. Ya ci burodi da cuku, ya juyo gida. A gangaren farko mai tsakuwa ƙafar hagu ta sulale gaba cikin takalmin, babban yatsa ya daki hancin takalmin, dunduniya ta ɗaga, sai ga jagoran da ya yi rabin rayuwarsa a kan ƙanƙara rungume da shingen makiyaya. Ya waiga ko wani ya gani. Shanu ne kawai, su ma ciyawa ta fi shi muhimmanci a wajensu.

Rana ta faɗa bayan coci lokacin da ya koma shagon. A jikin rufin shagon, ƙafafun itace na rataye bibbiyu, waɗanda mahaifin Afra ya sassaƙa daidai ƙafar kowane jagora zamanin da ake ɗinka takalmi da hannu. Yawancin masu su sun daɗe a maƙabarta, amma ƙafafun na nan suna juyawa a hankali cikin hasken yamma, kamar suna shawarar inda za su nufa.

"Cire safar," in ji Afra.

"Ki auna ta saman safar mana."

"Kai, rufa mini asiri. Na ga ƙafar nan tun tana da kashin kaji a jiki. Cire."

Ya cire yana kallon bango. Ta ɗauki ƙafar ta ɗora a cinyarta, ta bi tabon da babban yatsanta, ta matsa nan ta matsa can.

Ta fara kawo masa abin da ya roƙa, sabo dal, lambarsa ta da. Ya ɗaure, yatsun suka dawo nan take, har ya yi murmushi. Ta nuna masa gangaren katakon da ke ƙuryar shago, wanda aka kafe da duwatsun rafi. Ya hau lafiya. Da ya juyo zai sauko, ƙafar ta sulale kamar ɗazu, ya cafke ƙarfen gefe.

"Sabo ne, zai saki," ya ce.

"Zai sake ka dai, kai da ɗan mutane."

Ta shiga ciki ta buɗe kwalayen wasu takalman biyu, ta zaro na hagu wanda ya fi lambarsa ta da ƙanƙanta. Ta zauna da wuƙa da guntun fata mai kauri, tana fiƙewa tana gwadawa a gefen ƙafarsa, tana sake fiƙewa, har ya zauna daram a inda yatsun suke a da. Ta cusa shi cikin takalmin, ta sa ya tura ƙafar gaba, ta zura yatsanta ɗaya a bayan dunduniya. Yatsan ya shiga, na biyu bai samu wuri ba. Sannan ta ɗaure masa da kanta, ta ja igiyar har ya yi ƙara.

"Daki ginshiƙin can. Da ƙarfi, ba gaisuwa na ce ka yi masa ba."

Ya daka. Babban yatsa bai taɓa hanci ba.

Ta ciro tsohuwar igiya daga ƙusa, ta ɗaura masa a ƙugu, ta ɗaura ɗaya bakin a nata. Ya tsaya a saman gangaren, ita tana gaba tana sauka tana ba shi labarin surukarta. Tana tsakiyar magana, ba gargaɗi ba komai, ta saki jikinta gaba ɗaya, kuma Afra ba ƙaramar mace ba ce. Igiya ta miƙe ƙyam. Gwiwarsa ta lanƙwasa, ƙugunsa ya amsa, ƙafar hagu kuwa ta kafe a kan dutsen ko gezau.

Afra na reto a igiya tana dariya. "Ka ga? Ranar Lahadi sai ka je fada ya yayyafa maka ruwa."

Shi bai yi dariya ba. Yana tsaye yana sauraren cikin takalmin. Ya gwada motsa ƙaramin, ya gwada na kusa da shi. Fata ce kawai, mai ɗumi, ta rungume tabon ta ko'ina.

"Sun tafi," ya ce.

Ba ta tambaye shi su wa ba. Ta kwance igiyar a hankali tana naɗewa a gwiwar hannu.

"Babu wuri, Serafin. Takalmin ba zai ɗauke su ya ɗauki wanda ke kan igiyarka ba. In na cire fatar za su dawo. Kai za ka faɗa."

Ya daɗe yana kallon tsohon takalminsa na hagu da ke yashe gefen benci, bakin takalmin a buɗe. Baƙin ciki ya taso masa, wanda bai yi ba ranar da aka yanke su, bai yi ba ranar da aka kwance bandeji. Ya share ido da bayan hannu.

"Bar ta a ciki."

Afra ta ɗauki tsohon takalmin, ta taka kujera, ta rataye shi a rufi kusa da ƙafafun itacen mahaifinsa, wanda shi ma jagora ne a zamaninsa. Ya shiga juyawa tare da sauran.

"Yana nan. Ranar da ka yi kewarsu ka zo ka zura ƙafa ku gaisa," ta ce tana saukowa. "Amma da yamma."

Titin gidansa gangare ne tun daga ƙofar shagon har gada. Ya sauka shi kaɗai, bai dafa komai ba.